Taurin Da Tsatsar Cikin Jiki: Tambayoyi Da Amsoshi

Mene ne taurin?

Wani sinadari ne da ke cikin jikin mutum da na dabbobi. Ba ruwansa da tauri ko taurin kai. Sunan daga Latin ya fito, daga kalmar da ke nufin bijimi, domin a cikin ruwan matsarmamar sa ne Jamusawa biyu, Friedrich Tiedemann da Leopold Gmelin, suka fara tace shi a 1827. Hanta na haɗa shi, ana kuma samunsa a nama da kifi. Tsirrai kusan ba su da shi. Ya fi taruwa a zuciya, tsoka, ƙwaƙwalwa da ido.

Ana cewa yana hana jiki "tsatsa". Me ake nufi?

Yanka tuffa ka ajiye, ba da jimawa ba za ta yi duhu. Aikin oksijin ke nan. A jiki ma, yayin da ƙwayoyin halitta ke ƙona abinci, wasu ɓurɓushin oksijin masu zafin rai kan kuɓuce su yi ɓarna. Abin da ke tare su shi ake kira antioksidan.

To, taurin yana kama su kamar bitamin C?

A nan masu talla ke zuzutawa. Idan aka gwada shi a kwalbar gwaji, ba ya kama yawancinsu sosai. Ta bayan gida yake aikinsa. Fararen ƙwayoyin jini na fesa wa ƙwayoyin cuta wani sinadari mai kaifi irin na bilic. Ragowarsa na iya ƙone naman jiki, sai taurin ya haɗe da shi, ya zama abu mai laushi da ke ma kwantar da kumburi. Sannan a cikin mitokondiriya, wato injin wutar ƙwayar halitta, yana taimakawa a ƙera sassan injin daidai. Injin da ba ya yoyo, ɓurɓushinsa kaɗan ne. A ganina wannan ne babban aikinsa.

Shan sa na ƙara tsawon rai?

A ɓeraye dai. Binciken Jami'ar Columbia da mujallar Science ta buga a 2023 ya nuna sun ƙara kwana da kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Ɓera ba mutum ba ne.

Lemon ƙara kuzari fa?

Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 na ɗauke da miligiram 1000 na taurin, na masana'anta, ba na bijimi ba. Wartsakewar da kake ji kuwa aikin kafeyin ne da sukari.