GIMPS: Haɗin Gwiwar Masu Sha'awar Lissafi Wajen Neman Manyan Lambobi Marasa Rabuwa

GIMPS shiri ne na sa-kai da George Woltman, wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, ya kafa a farkon shekarar 1996, domin mutane daga ƙasashe daban-daban su haɗa ƙarfin kwamfutocinsu ta intanet su gwada ko wasu manya-manyan lambobi marasa rabuwa ne. Sunan taƙaitawa ce ta wani suna na Turanci mai ma'anar babban binciken lambobin Mersenne ta intanet. Lamba maras rabuwa ita ce wadda ta wuce 1, kuma babu lambar da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, kamar 2, 3, 5, 7 da 11.

Shirin bai kula da kowace irin lamba ba, sai waɗanda ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau da yawa, sannan aka cire 1, wato 2^p − 1, inda p ke nufin adadin lambobi 2 da aka ninka tare. Ana danganta su ga Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648. Idan p ita ce 5, ana samun 31, wadda ba ta rabuwa. Sharaɗi ne p ta zama maras rabuwa, amma hakan bai wadatar ba, domin 2^11 − 1 ita ce 2047, wadda ta fito daga 23 sau 89. Shi kansa Mersenne ya yi tuntuɓe a jerin da ya fitar a 1644: ya saka 67 da 257 alhali lambobin da suke haifarwa suna rabuwa, ya kuma tsallake 61, 89 da 107.

Abin da ya sa aka fi mai da hankali kan wannan dangi shi ne akwai gwaji mai sauƙi da ya dace da su kaɗai. Édouard Lucas, masanin lissafi Bafaranshe, shi ne ya aza harsashinsa, kuma da shi ya tabbatar a 1876, da hannu ba da na'ura ba, cewa 2^127 − 1 mai alƙaluma 39 ba ta rabuwa. Daga baya masanin lissafi ɗan Amurka Derrick Lehmer ya gyara hanyar. Ana farawa da 4, a ninka ta da kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe saura, a maimaita sau p − 2. In saura na ƙarshe sifiri ne, lambar ba ta rabuwa. Ga 31, ana samun 14, sai 8, sai 0. Tsarin kenan gaba ɗaya. Wahalar tana zuwa ne idan lambar tana da alƙaluma miliyoyi, inda kwamfuta ɗaya kan shafe kwanaki ko makonni a kan lamba guda.

Mai son shiga yakan sauke manhajar Prime95 kyauta, ita kuma ta karɓi aiki daga babbar kwamfutar shirin, PrimeNet, wadda Scott Kurowski ya gina a 1997. Kafin a shiga dogon gwaji, ana fara neman ƙananan lambobin da za su iya raba wadda ake zargi, domin in an samu ɗaya an huta. Kusan duk gwajin da aka kammala amsarsa ita ce lambar tana rabuwa, kuma mafi yawan masu sa-kai za su yi shekaru ba su gano komai ba. A nan ne darajar shirin take, domin kowace amsa ana rubuta ta, kuma shekaru da dama ana sake gwada kowace lamba a wata kwamfutar dabam, saboda ɗan kuskure guda a cikin na'ura yana lalata lissafin duka. Da wannan maimaici ne ake iya cewa ba a tsallake wata lamba a baya ba. Daga baya an koma wani gwaji da ke gano kuskure tun ana cikin aiki, kuma tun 2020 yana fitar da hujjar da ake dubawa cikin ɗan lokaci.

Joel Armengaud na Faransa ne ya fara dacewa, a Nuwamban 1996, da 2^1398269 − 1. A 1999 Nayan Hajratwala ya gano ta farko da ta haura alƙaluma miliyan ɗaya, aka ba da kyautar dala 50,000 daga EFF, wata gidauniyar kare 'yancin masu amfani da intanet a Amurka, wadda ta sake ba da dala 100,000 kan wadda aka samu a 2008 a kwamfutar Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelas. Curtis Cooper na wata jami'a a jihar Missouri ya gano huɗu. Ta ƙarshensu kuwa, kwamfutarsa ta kai rahotonta tun Satumban 2015, amma saƙon sanarwa bai fita ba, sai a Janairun 2016 aka lura da ita.

A Oktoban 2024 Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia, ya gano 2^136279841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320. Ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne marasa rabuwa, ta 18 da shirin ya samo. Durant bai dogara da kwamfutar gida ba: ya yi hayar dubban na'urorin sarrafa hoto a cibiyoyin bayanai na ƙasashe 17, lamarin da ya kawo ƙarshen shekaru 28 da kwamfutoci na yau da kullum suka yi suna riƙe da kambun gano lamba maras rabuwa mafi girma.

Waɗannan lambobi sun yi girman da ba a amfani da su wajen ɓoye saƙonni, amma aikin ya haifar da wani amfani: masu haɗa kwamfuta na gwada ƙarfin na'ura da Prime95, kuma da ita aka bankaɗo wata matsala a na'urorin Skylake na kamfanin Intel, wadda aka sanar a farkon 2016. Kowace sabuwar lambar Mersenne maras rabuwa tana kuma zuwa da cikakkiyar lamba, irin 6, 28 da 496, wato wadda jimillar masu raba ta, banda ita kanta, ke daidai da ita. Ko dangin Mersenne marasa rabuwa suna da iyaka ko ba su da ita, har yau babu wanda ya tabbatar, kuma kyautar EFF ta dala 150,000 tana nan ga wanda ya fara kaiwa alƙaluma miliyan 100.