Waiwaye: Yadda karatun naƙasassu ya tashi daga tausayi ya zama haƙƙi a Najeriya

A garuruwan Hausa, makafi da guragu da kutare sun daɗe da tsarinsu na zama. Akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Kutare, kuma makaho mai kaifin ƙwaƙwalwa yakan haddace Alƙur'ani a tsangaya ta hanyar ji. Amma da boko ya shigo, ba a yi lissafi da su ba. Aka gina aji a kan allo da alli, wanda duk bai gani ko bai ji ba, sai ya zauna a gida, ko a miƙa masa ƙoƙon bara.

Masu wa'azin Kirista ne suka fara buɗe ƙofar. A 1953 ƙungiyar Sudan United Mission ta kafa makarantar yara makafi a Gindiri, cikin Jihar Filato ta yau, inda aka koya musu rubutun Braille, wanda ake karantawa da kan yatsa ta hanyar shafa ɗige-ɗigen da aka huda a takarda. Bayanta makarantar Pacelli ta makafi ta biyo a Legas a 1962.

Labarin kurame ya fi jan hankali. Andrew Foster baƙar fatar Amurka ne da ya kurumce tun yana yaro, kuma shi ne baƙar fata na farko da ya yi digiri a kwalejin kurame ta Gallaudet, a 1954. Ya sauka Gana a 1957 ya buɗe makaranta, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, ya ci gaba da haka har ya kafa makarantu fiye da talatin a ƙasashen Afirka kafin ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda a 1987. Aikinsa babba ne, babu mai musu. Sai dai ya zo da maganar hannu irin ta Amurka, ita ce kuma ta zama harshen aji. Alhali a Kano da kewaye bebaye suna da tasu maganar hannu tun kaka da kakanni, wadda mahauci da mai shayi da 'yan unguwa suke fahimta gwargwado. Yaro ya je makaranta ya koyo wata, ya dawo gida mahaifiyarsa na yi masa wata. Wannan giɓin har yau ba a cike shi yadda ya kamata ba, kuma a ganina asara ce a bar harshen da al'umma ta riga ta karɓa a bakin ƙofar makaranta.

Gwamnati ta shigo da gaske a 1977. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta wannan shekarar ta ware sashe guda kan ilimi na musamman, aka kuma kafa kwalejin horar da malamansa a garin Oyo. Jihohi suka buɗe nasu makarantun, irin ta Tudun Maliki a Kano. An ci gaba, amma makaranta ɗaya ko biyu a babban birni ba za ta ɗauki yaran jiha guda ba. Uban da ke ƙauye sai ya zaɓa: ko ya tura ɗan shekara bakwai makarantar kwana mai nisa, ko ya haƙura. Ga kuma yaran da shan-inna ta gurgunta, waɗanda ba sa buƙatar wata makaranta ta daban. Keke suke buƙata, da aji marar matakala, da ban ɗakin da za su iya shiga.

A wajen ƙasa tunani ya riga ya juya. Taron Salamanca na 1994 a Sifen ya ce makarantar unguwa ce ya kamata ta gyara kanta ta karɓi kowane yaro. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu a 2006, Najeriya ta tabbatar da ita a 2010. Mayar da ita dokar gida ya sha wuya. Majalisa ta zartar da ƙudirin a zamanin Shugaba Jonathan, bai sa hannu ba. Ƙungiyoyin naƙasassu ba su gaji da zirga-zirga ba har Shugaba Buhari ya sa hannu a Janairun 2019.

Dokar ta haramta nuna bambanci, ta ba naƙasasshe ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa tare da tanadar malamin da ya ƙware. Ta ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati, kuma a 2020 aka kafa hukumar da za ta sa ido. Hukumar JAMB ma tun 2017 take shirya wa makafi jarrabawarsu da kulawa ta musamman.

An ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin ya cika a Janairun 2024. Firamare da yawancin sakandare kuwa a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, don haka aikin ya rataya ne a kan kasafin kuɗinsu da malaman da suke ɗauka.