Minene matoshin dutse mai aman wuta?

Yan kwanakin nan hotunan wasu duwatsu na ta yawo a Facebook da TikTok, dogaye tsaye cak cikin hamada, mutane na ta cewa ai aljanu ne suka gina ko kuma hadin kwamfuta ne. Wallahi duwatsun gaske ne, kuma yawancinsu daga tsaunukan Hoggar suke a kudancin Aljeriya kusa da Tamanrasset, garin da yan uwanmu da yawa daga nan Sakkwato ke zuwa neman kudi ta Illela da Konni da Tawa da Agadas.

Irin wanga dutse shi ake kira matoshi. Asali dutse ne mai aman wuta, narkakken dutse na tasowa daga karkashin kasa ta makogwaronsa, to da aman ya tsaya sai abin da ya rage cikin makogwaron ya huce ya daskare ya yi tauri fiye da jikin dutsen, daga nan iska da ruwa da zafin rana da sanyin dare suka yi ta cin jikin shekaru miliyoyi har ya zube, shi ko na tsakiyar ya tsaya. Kamar ka zuba siminti cikin bututu, bututun ya rube ya bar simintin tsaye. In ka matsa kusa za ka ga jikinsa duk tsage-tsage ne daga sama har kasa, ginshiki jikin ginshiki, da yawa masu kusurwa 6, don lokacin da yake hucewa ya takure ya tsage a haka. Wannan shi ke rudin mutane, ni kaina har yanzu yana ban mamaki, Allah mai iko.

Mu nan ba mu da irinsa, kasarmu da can karkashin teku take, shi yasa farar kasa muke da ita wadda ake siminti da ita a Kalambaina. Amma Dutsen Wase a jihar Filato matoshi ne.

Wanda Allah ya kai Tamanrasset don Allah ya daure ya hau tudun Assekrem da ke cikin Hoggar da asuba, daga can ake hango duwatsun nan jere, da dutsen Tahat mai tsayin mita 2,908. Kar ka ji tsoron zai yi aman wuta, tuni ya mutu. Sanyi ne abin tsoro, ka tafi da rigar sanyi mai kauri da ruwa isasshe, kuma kar ka shiga dajin nan ba tare da jagora Buzu wanda ya san hanya ba.