Illmatic

Illmatic shi ne kundin waƙoƙi na farko na mawaƙin gambarar zamani ɗan Amurka, Nasir Jones, wanda aka fi sani da Nas. Kamfanin Columbia ne ya fitar da shi ranar 19 ga Afrilu, 1994, lokacin mawaƙin yana da shekara 20. Waƙoƙi goma ne kacal a ciki, tsawonsu gaba ɗaya bai cika minti 40 ba, amma masana gambara da dama na sa shi a sahun farko na kundayen da aka taɓa yi a fannin.

An haifi Nas a Brooklyn ranar 14 ga Satumba, 1973, ya tashi a Queensbridge, rukunin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da ke unguwar Queens a birnin New York. Mahaifinsa Olu Dara makaɗin jaz ne, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciyar gidan waya ce. Ya bar makaranta tun yana aji takwas. A 1991 aka fara jin muryarsa a wata waƙar ƙungiyar Main Source, baiti ɗaya tak, amma ya isa ya sa masu harkar suka fara cigiyarsa. A 1992 aka harbe amininsa Ill Will a cikin unguwar, aka kuma raunata ƙanensa. Wannan rashi na nan kwance a ƙarƙashin kundin.

Abin da Nas ya waƙe ba sabo ba ne: sayar da hodar iblis, bindiga, sintirin 'yan sanda, abokai a kurkuku. Yadda ya faɗa ne ya bambanta. Bai tsaya ga amsa-amon ƙarshen layi ba, sai ya riƙa sarƙa amsa-amon ciki mai gaɓoɓi biyu ko uku, jimla ta tsallaka daga layi zuwa layi ba tare da numfashi ya yanke ba. Rakim da Kool G Rap sun riga shi buɗe wannan hanya, shi kuma ya ɗora mata idon mai ba da labari, kamar wanda ke leƙen titi ta taga yana lissafa abin da ya gani, babu fariya mai yawa, babu wa'azi. Waƙar "One Love" wasiƙu ne zuwa ga abokai da ke ɗaure, ana ba su labarin gida: wa ya haihu, wa ya mutu, wa ya ci amana.

Ta fuskar kiɗa ma kundin ya saɓa al'ada. Kafin lokacin, galibi mutum ɗaya ko tawaga ɗaya ke haɗa wa mawaƙi kiɗan kundinsa duka. A nan aka tara DJ Premier da Pete Rock da Large Professor da Q-Tip da L.E.S., kowa ya kawo gwanintarsa, akasari daga tsofaffin fayafayan jaz da soul. AZ ne kaɗai baƙon da ya rera baiti, a waƙar da Olu Dara ya rufe da busar ƙaho. Daga baya tara manyan masu haɗa kiɗa ya zama yayi, ko da yake ba kowa ya samu irin wannan haɗin kai na sauti ba.

A kasuwa abin bai yi armashi nan take ba. Masu satar fasaha sun baza kwafi kafin fitowarsa, ga shi kuma kiɗan gambarar gaɓar yammacin Amurka na su Dr. Dre ne ke tashe a lokacin. Kundin ya shiga jadawalin Billboard 200, jerin kundayen da suka fi ciniki a Amurka, a mataki na 12, sai a 1996 ya kai matsayin zinare, wato cinikin kwafi dubu ɗari biyar, a 2001 kuma ya kai na filatinam, wato kwafi miliyan ɗaya. Mujallar The Source dai ta ba shi makirufo biyar, maki mafi girma da take bayarwa, wanda ba kasafai take bai wa kowa ba. Tare da kundin farko na Wu-Tang Clan na 1993 da na Notorious B.I.G. na 1994, ana ganin shi ya dawo wa New York martabarta a gambara.

Ga Nas kansa, kundin ya zama ma'auni mai nauyi. Kundinsa na biyu, It Was Written na 1996, ya hau mataki na ɗaya, ya kuma fi shi ciniki nesa ba kusa ba, amma masu suka suka ce ya bi kasuwa. A takun-saƙarsa da mawaƙi Jay-Z a 2001, Jay-Z ya yi masa gori da cewa ƙarfinsa a Illmatic ya ƙare, martanin Nas kuwa ya zo a kundin da ya raɗa wa suna Stillmatic. Sai a 2021 ya samu kyautar Grammy ta farko, da kundin King's Disease.

Jami'ar Harvard ta kafa tallafin nazarin gambara da sunan Nas a 2013. A 2014 ya rera Illmatic gaba ɗaya tare da ƙungiyar makaɗa ta National Symphony Orchestra a birnin Washington, a shekarar ce kuma aka fitar da fim ɗin tarihinsa mai suna Time Is Illmatic. A 2021 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da Illmatic cikin rajistar sautukan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga tarihin ƙasar.