Waiwaye kan ciwon dajin da ke cinye mana matasa: a duba shekarar da aka haife su

Tun rasuwar ɗan kawuna nake son in yi rubutun nan, sai in fara in goge. Shekararsa 34, ɗan acaɓa ne a nan Garwa, 'ya'yansa uku, ko sigari bai taɓa kaiwa baki ba balle giya. Ciki ya fara kumburi, ido ya yi rawaya, aka ce shawara ce aka yi ta jiƙe-jiƙe wajen wata biyu, da abin ya ƙi aka je asibiti aka yi hoton ciki, likita ya ja kawu gefe ya ce masa ciwon daji ne a hanta kuma ya riga ya ci wuri. Sati bakwai ne tsakanin wannan maganar da ranar da muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa Ya raya abin da ya bari.

A wajen zaman makoki kowa da tasa. Wannan ya ce taliyar leda ce da ɗanɗanon miya da lemon kwalba, wancan ya ce dogayen ƙarafunan waya da aka kakkafa a unguwanni ne, wani ya rantse allurar korona ce, mata a cikin gida kuma suna ta raɗe-raɗin sammu. Muhawarar nan ita ce dai kullum a WhatsApp da Facebook, wai da can ciwon daji na tsofaffi ne da Turawa, yanzu dare ɗaya ya faɗo kan 'yan shekara talatin. Ni a ganina ba dare ɗaya ba ne sam. Irin da ya kashe ɗan'uwana an shuka shi ne tun yana goye a bayan mahaifiyarsa.

Maganar ƙaruwar cutar daji a tsakanin matasa gaskiya ce, ba a nan kaɗai ba. Wani bincike da mujallar BMJ Oncology ta buga a 2023 ya nuna waɗanda aka samu da ita 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya sun ƙaru da kashi 79 cikin 100 daga 1990 zuwa 2019, duk da dai yawan jama'a ma ya ƙaru a wannan tsakanin, kuma kayan gwaji sun fi na da. A Amurka dajin hanji ne ya fi ɗaga musu hankali, shi ya kashe jarumin fim ɗin nan Chadwick Boseman a 2020 yana da shekara 43, a 2021 kuma suka sauko da shekarun fara binciken hanji daga 50 zuwa 45. Can ana zargin ƙiba, zaman wuri ɗaya, giya, kayan zaƙi, naman gwangwani da sauran abincin masana'anta, da sauyin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji. Duk wannan mun ji, mun kuma yi ta turawa juna.

Amma akwai wani layi a cikin binciken nan na 2023 da ban ga kowa ya tura ba. A lissafin duniya gaba ɗaya, dajin hanta shi ne ma ya fi raguwa a tsakanin matasa. To mu nan me ya sa shi muke ta binnewa?

Tarihin a gurguje. A 1960 talo-talo wajen dubu 100 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, daga nan aka gano dafin da funfuna ke fitarwa wanda aka sa wa suna afalatoksin. A tsakiyar shekarun 1960 wani likita ɗan Amurka, Baruch Blumberg, ya gano alamar ƙwayar cutar hanta nau'in B a cikin jini. Farkon shekarun 1980 rigakafinta ya fito. Taiwan ta fara yi wa jarirai a 1984, kuma ba a daɗe ba aka ga dajin hanta ya ragu a yaransu. Gambiya ta fara nata babban gwajin a 1986. A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace ƙasa ta sa allurar cikin rigakafin yara.

Mu a Kamaru allurar ta shiga tsarin rigakafin yara ne a 2005. Maƙwabtanmu Cadi a 2008.

Wannan shekarar ta 2005 ita nake so mu tsaya a kanta, don wallahi ban taɓa jin an ambace ta a duk muhawarar nan ba, alhali a ganina ita ce katangar da ta raba matasanmu gida biyu. Kafin wani ya ce me ya hana tun farko, a tuna yadda zamanin yake. Lokacin da allurar ta fito, guda ukun da ake buƙata sun haura dala 100, kuɗin da ya ninka na sauran alluran yara duka a haɗe sau da yawa. Ƙarshen shekarun 1980 tattalin arziki ya durƙushe, auduga da kofi da koko duk suka faɗi, sannan a watan Janairun 1994 darajar sefa ta ragu da rabi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka kuɗi, har da magani. Sai da farashin allurar ya karye sosai, aka kuma kafa asusun tallafin rigakafi na Gavi a 2000, sannan ƙasashe irin namu suka iya ɗauka. Wato talauci ne ya ja mana shekarun nan, kuma yaran da aka haifa a cikinsu su ne yau magidanta.

Da idona na ga katangar nan. Bayan sadakar bakwai muna tattara takardun mamaci, mahaifiyarsa ta jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, a ciki akwai katunan awo na 'ya'yanta duk ta ɗaure da tsumman zani. Nasa na 1991 ne, ya yi ja saboda tsufa, gefensa gara ta taɓa. Ga allurar tarin fuka, ga ɗigon shan inna, ga DTC, wato ta mashaƙo da tetanus da tarin shiƙa, sau uku, ga ta ƙyanda, duk an sa hannu an buga hatimi, babu wadda ta tsallake. Sai na ɗauko na autarta da aka haifa a 2007, shi kuma a layin nan an rubuta DTC-HepB, wato an haɗa da ta cutar hanta nau'in B. Harafi huɗu ne kawai suka ƙaru. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ai na kai shi duka, ko rana ɗaya ban fasa ba, da ƙafa nake zuwa." Na ce, "Inna kin kai shi, a lokacin ne babu ita." Ta yi shiru tana shafa katin da yatsa.

Abin da ya sa yarinta ke da muhimmanci haka shi ne halin ita ƙwayar cutar. In babba ya kamu da ita, yawanci jikinsa na korar ta, waɗanda take zauna musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma jaririn da ya kamu wajen haihuwa ko a watannin farko, kusan 9 cikin 10 ta zauna kenan har abada, saboda garkuwar jikinsa ba ta gane baƙuwa ce ba. Kuma hanyoyin shigarta a gidajenmu ba su da iyaka. Daga uwa zuwa ɗa ranar haihuwa. Daga yaro zuwa yaro wajen wasa, ta ƙuraje da gyambo da ƙazuwa. Askar suna, cire belu, kaciyar taro inda ake jera yara goma da aska ɗaya, tsagar gado, sakiya, ƙaho, huda kunne, allurar da mai chemis na unguwa ke tafasawa ya sake amfani da ita. Ƙwayar tana iya yin kwana 7 a busasshen jini a jikin ƙarfe ba ta mutu ba. Ba ina zagin wanzamai ba ne, sana'ar gado ce, iyayenmu kuma don ƙauna suka kai mu, babu wanda ya san da ita a lokacin.

To daga nan sai ta kwanta. Ba zazzaɓi ba ciwon kai, yaro ya yi allo ya yi boko, ya yi ƙwallo a bakin Binuwai, ya yi aure ya haihu, ita kuwa tana can tana ɗan ƙona hanta a hankali hanta tana warkewa da tabo, shekara ashirin shekara talatin, har tabon ya yi yawa hanta ta taurare, ko kuma ƙwayar ta cusa kanta cikin ƙwayoyin halittar hantar ta juya su su zama daji kai tsaye. Shi ya sa a Turai dajin hanta ciwon 'yan sittin da saba'in ne, mu kuwa nan yana kama mutum yana tsakiyar ƙarfinsa, saboda agogon namu tun ranar suna ya fara bugawa. Binciken da aka yi a Kamaru ya nuna wajen mutum 1 cikin 10 na manya na ɗauke da ita, kuma nan arewa, musamman wajen Marwa da Arewa Mai Nisa, an fi sauran sassa yawa. Ka ƙirga mutum goma a majalisarku ta shayi. Mafi yawansu ba su taɓa gwaji ba.

Ku yi lissafin da kanku. Wanda aka haifa a 2005 yanzu ne yake ashirin da 'yan kai. Duk wanda ya girme shi, in ba shi ya je ya biya aka yi masa ba, bai samu allurar nan yana jariri ba. Su ne 'yan acaɓanmu, malaman makarantunmu, matan da ke haihuwa yanzu. Kuma ita allurar da aka fara a 2005 a sati na 6 da na 10 da na 14 ake yin ta, alhali jaririn da uwarsa ke ɗauke da ƙwayar yana buƙatar ta farko cikin awa 24 da haihuwa, a yankin da mata da yawa a gida suke haihuwa. Kenan ko bayan katangar akwai waɗanda suka zurare.

Sai abokiyar tafiyarta, wato dafin funfunar nan na talo-talon Ingila. Gyaɗa da masara ya fi so, mu kuwa su ne rayuwarmu, kunun gyaɗa da safe, miyar gyaɗa da rana, ƙuli-ƙuli a aljihun ɗan makaranta, yajin soya da na kilishi duk da ita ake haɗawa. Matsalar ba gyaɗar ba ce, yadda ake shanya ta da ajiye ta ne. In fari ya buge ta a gona sannan ruwan ƙarshen damina ya sauka a kanta tana shanye a ƙasa, aka zuba a buhun leda da sauran danshi aka jibge a ɗaki mai zafi, shi kenan. Abin da ya fi min ciwo kuma shi ne tsarin tsince ta, masu kyau manya-manya su tafi kasuwa don su ke kawo kuɗi, ƙanana masu baƙi-baƙi da ɗaci su ake bari a gida ko a sayar da araha a matse mai a yi ƙuli. Na sha gani a tsakar gidanmu, tire biyu, na sayarwa da na ci. Wuta ba ta kashe dafin nan, ko an soya ko an tafasa yana nan. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 cikin 'yan watanni, amma wannan mai gaggawa kenan, namu kaɗan-kaɗan ne kullum. Kuma in ya haɗu da ƙwayar B a hanta ɗaya, haɗarin ba tarawa yake ba, ninkawa yake, masana na cewa yana iya kaiwa ninki 30 a kan na wanda ke cin dafin ba shi da ƙwayar. Wanda ya ƙara da giyar gargajiya ta bilbil ko barasar leda kuma ya zuba wa wuta fetur.

Ban ce duk dajin matasa hanta ba ne. Mata na fama da na mama da na bakin mahaifa, shi ma na biyun ƙwayar cuta ce ke kawo shi, HPV, rigakafinta kuma sai 2020 ya shigo tsarinmu don 'yan mata masu shekara 9, aka kuma tarbe shi da jita-jitar wai na hana haihuwa ne, iyaye da yawa suka ɓoye 'ya'yansu. Ina jin tsoron nan da shekara ashirin wata uwar za ta buɗe tata akwatin. Lemon kwalba da abincin leda da ƙiba su ma suna tafe, a Garwa da Ngaundere da Kuseri cimarmu ta canza ƙwarai, kuma dajin hanjin da ke damun Amurka ba zai tsallake mu ba. Sai dai wancan na zuwa ne, wannan kuwa ya riga ya zauna a cikin gida.

Abin da ya hana ni barci shi ne akwai abin yi tun kafin ciki ya kumbura. Gwajin ɗigon jini ne a yatsa, a takardar asibiti AgHBs ake rubutawa, cikin mintuna an gama. Wanda ba shi da ita sai ya yi allura uku ko shekararsa nawa. Wanda ke da ita likita zai duba yawan ƙwayar da lafiyar hanta, wasu sa ido kawai suke buƙata da hoton ciki lokaci-lokaci, wasu a ɗora su kan ƙwaya ɗaya kullum irin su tenofobir, ba ta raba mutum da cutar kwata-kwata amma tana danne ta, haɗarin dajin ya ragu sosai. Mai ciki kuma in an san tana da ita, ana iya tsare jaririn. Ɗan'uwana ya yi shekara 34 da ita, a ce ko sau ɗaya wani ya soki yatsansa yana ɗan ashirin da biyar.

Matar da ya bari da yaran uku an kai su gwaji satin da ya wuce. Da na koma gida na tambayi tawa mahaifiyar ko katina na nan, ta shiga ɗaki ta daɗe sannan ta fito da shi a cikin wata tsohuwar leda tare da takardar haihuwata. 1989. DTC sau uku, babu komai a gabansa.