Auren bishiya

Auren bishiya dabara ce ta masu lambu inda ake ɗora reshen wata bishiya a kan gindin wata, su manne su zama itace ɗaya. Gindin ne ke jawo ruwa da abinci daga ƙasa, reshen kuma shi ke fitar da ganye da 'ya'ya.

Dalilin yin sa shi ne ƙwallo bai cika gadon uwa ba. Wanda ya shuka ƙwallon tuffa mai zaƙi yana iya shekara da shekaru yana ban ruwa, ƙarshe ta haifa masa mai tsami. Reshe kuwa ba ya sauya hali.

Sirrin yana ƙarƙashin ɓawo. Akwai wata siririyar fata mai danshi da masana ke kira kambiyam, ita ce ke ƙera sababbin jijiyoyin itace. Mai lambu yakan fiƙe reshen da wuƙa mai kaifi, ya tsaga kan gindin, ya cusa shi yadda fatar nan za ta haɗu ta ɓangarorin biyu, sannan ya naɗe da leda tamau. In ba ta haɗu ba, reshen bushewa zai yi, komai kyan ɗauri. Dole kuma su zama dangi: mangwaro kan mangwaro, lemo kan lemo. Dabino da goruba ba su da wannan fatar, shi ya sa ba a yi musu aure.

Dabarar tsohuwa ce, don Theophrastus, wani masanin tsirrai na Girka, ya yi bayaninta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Amma a Faransa aka fi ganin ranarta. Daga wajen 1863 wani ƙwaro mai suna filoksera, da ya shigo daga Amurka, ya dinga cinye saiwar inabi har gonaki suka mutu birjik. Mafitar da aka samu ita ce ɗora inabin Turai a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron bai iya kashewa, kuma har yau haka ake yi. A Ingila, tashar binciken East Malling da aka kafa a 1913 ta tantance gindunan tuffa, ciki har da M9 mai hana bishiya tsawo, a tsinki 'ya'yanta ba tare da dogon tsani ba.

A lambunan ƙasar Hausa an fi sanin aikin a mangwaro da lemo. Mangwaro ɗan aure yakan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa sai an ƙara haƙuri.