Mene ne bayanin kayan aiki na wakilin AI, kuma yaya ake gane mai kyau?

Masu rubuta manhaja a Yaba da Ikeja, har da yaranmu da suka taso a Agege da Idi-Araba, yanzu sun fi damuwa da wani rubutu da ba mutum ne zai karanta shi ba. Shi ne bayanin kayan aiki.

Wakilin AI manhaja ce da aka ɗora kan ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT ko Claude, wadda aikinta ya wuce hira. Wakilin yana iya duba farashi a rumbun bayanai, ya tura saƙo, ya biya kuɗi. Kowace hanya da aka buɗe masa ta yin irin wannan ita ake kira kayan aiki. Sai dai ba ya ganin cikinta. Abin da ke gabansa kawai shi ne suna, da 'yan jimlolin da suka faɗi amfaninta, da jerin guraben da zai cika, waɗanda akan tsara da JSON Schema, wato wani tsarin rubutu da ke faɗin irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Waɗannan su ne bayanin kayan aiki. OpenAI, kamfanin da ya ƙera ChatGPT, ya fito da wannan salo a watan Yuni na 2023, Anthropic mai Claude kuma ya fitar da MCP, ƙa'idar haɗa wakili da kayan aiki, a Nuwamba 2024, wadda OpenAI da Google suka rungume ta a 2025.

Ka ɗauki wakilin kamar sabon yaron shago da ya sauka Legas jiya, mai kaifin ƙwaƙwalwa, amma babu wanda zai tambaya sai takardar da ke hannunsa. Duk abin da takardar ba ta faɗa ba, zai yi hasashe, kuma da ƙwarin gwiwa zai yi shi.

A ganina ma'auni shi ne wurin da aka fi tafka asara. Paystack, kamfanin biyan kuɗi na nan Legas, yana karɓar adadi a kobo, kuma ya faɗi haka a takardunsa. To idan wani ya mayar da wannan kayan aiki ya miƙa wa wakili, ya rubuta "adadin kuɗi" ya yi shiru, wakilin zai iya saka 5000 da nufin naira dubu biyar, alhali naira 50 ya tura. Haka batun kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Idan manhajar ta dillalan kasuwar Mile 12 ce, sai a faɗi wane kwandon tumatir ake nufi, babba ko ƙarami, kuma farashin na kwando ɗaya ne ko na lodin mota. Ko da bayanin da Turanci aka rubuta, tunda nan waɗannan manhajoji suka fi ƙarfi, ya kamata a saka kalmomin da 'yan kasuwa za su furta, kamar buhu da mudu da tiya, a fayyace kowace.

Bayani mai kyau yana faɗin lokacin da bai kamata a yi amfani da shi ba. Idan akwai kayan aiki guda biyu, ɗaya na duba farashin yau, ɗaya na tarihin farashi, aka ba su sunaye masu kama da juna, wakilin zai riƙa ɗaukar wannan a madadin wancan. Haka kuma dole a raba wanda ke karantawa kawai da wanda ke taɓa kuɗi ko goge bayani, domin na biyun ba a mayar da shi baya.

Saƙon kuskure ma wani ɓangare ne na bayanin, kuma an fi yin sakaci da shi. "Kuskure 400" ba ya gaya wa wakili komai. "Lambar asusu dole ta zama lamba 10" tana sa shi ya gyara da kansa ya sake gwadawa.

Tsawo ba shi ne inganci ba. Duk bayanin da aka loda yana cin wuri a abin da wakilin ke iya riƙewa lokaci guda, kuma da dala ake biyan wannan wurin.

Karanta bayani da ido ba ya isa a yanke masa hukunci, domin mai shi ya riga ya san abin da yake nufi. Sai an jera buƙatu na gaske, irin yadda abokin ciniki zai rubuto su a WhatsApp da Hausa gauraye da Turanci, a bai wa wakilin, a duba rikodin abin da ya yi. Ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cika guraben daidai? Da ya ci karo da kuskure, ya farfaɗo? A canza jimla ɗaya, a maimaita gwajin.

Akwai kuma batun amana. A Afrilu 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna cewa ana iya ɓoye umarni a cikin bayanin kayan aiki, wakilin ya bi shi ya kwashe bayanan sirri, mai amfani bai gani ba. Don haka kafin ka haɗa kayan aikin wani da manhajar da ke riƙe da asusun mutane, buɗe cikakken rubutun ka karanta shi, sannan ka sake dubawa duk lokacin da mai shi ya sabunta.